Sandar Baba na Faransa

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa, sahu uku aka yi a ƙofar gidansa a Ɓaɓura, na ukun ma bai cika ba. Ina sahun gaba, amma kafin liman ya tayar da kabbara sai da na waiga. Maƙwabta ne, da dangi daga Roni da Gwiwa, da tsofaffin dillalan kara, kasuwar dabbobi, su biyar ko shida. Na duba ko zan ga rawani ko ɗaya irin na mutanen ƙetaren iyaka, wanda suke naɗawa har ya rufe baki. Ban ga ko ɗaya ba.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Wani tsohon mahauci, wanda suka shekara arba'in suna cacar baki da Baffa a kan bijimai, ya matso kusa da ni yana share ido da bakin rigarsa.

"Malam," ya ce, "da shekara biyar baya Allah ya karɓi ran mutumin nan, wallahi da sai an tare titi. Daga Magarya har Damagaram sai an zo. Yau ga shi mu kaɗai."

Bai rufe baki ba wani ya ce ai laifin sojojin Nijar ne da suka fitar da ƙasarsu daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu. Wani ya taso masa, ya ce su wa suka fara rufe iyaka, suka yanke wa mutane wuta kamar ba 'yan'uwa ba? Murya ta fara tashi, har mata suka leƙo ta zaure. Liman ya ɗaga hannu.

"Jama'a, gaisuwa muka zo. A yi wa mamaci addu'a."

Aka shafa. A cikin duk waɗanda ke kan tabarmar nan babu mai nauyi a ƙirji kamata, kuma ba nauyin mutuwar kaɗai ba ne. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a manta da Baffa, kuma ba na so in yafe wa kaina da wuri.

Baffa yayan mahaifina ne. Ina aji biyu a firamare mahaifina ya rasu, Baffa ya ɗauko ni da 'yar jakar kayana ya kawo ni wajen matarsa, wadda har yau Inna nake ce mata. Sana'arsa fatoma ne, wato mai masaukin fataken dabbobi. Idan mutanen Nijar suka koro shanu da tumaki zuwa kasuwa, gidansa suke sauka. Shi zai ba su wurin kwana da tuwo, ya raka su kara, ya tsaya musu a ciniki, ya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Idan rigima ta tashi da hukuma, shi ne bakinsu. Bai taɓa zama a aji ba, amma yana juya sefa zuwa naira a ka kafin mai canji ya gama danna waya.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da faɗa, yana da kafiya, kuma idan ya tsane ka da ba'a sai ka gwammace duka. Tun da na zama malamin makaranta a Kazaure ya raɗa mini Malam Mai Alli, bai ƙara kirana da sunan yanka ba. Amma ban taɓa ganin ya sa loma a baki alhali akwai baƙon da bai ci ba. Inna takan ce ita ba mutum ɗaya ta aura ba, kasuwa ta aura. Idan baƙo ya tsaya a ƙofa yana ta rafka sallama, Baffa yakan daka masa tsawa daga ciki: "Kai, shigo! Wa ya ce maka nan gidan hakimi ne?"

Ɗakin baƙin yana jikin zaure, ƙofarsa na kallon titi, kuma ba shi da kwaɗo. A cikinsa akwai tabarmi, da randa, da butoci, sai kusurwar sanduna. Al'adar gidan ce tun zamanin kakanmu: baƙon da ya sayar da dabbobinsa zai koma gida a mota, ba ya buƙatar sandar kora, sai ya jingine ta a kusurwa. Barin sandar kamar ya ce ne ina nan dawowa, kuma a nan zan sauka. Baffa ya san kowace da mai ita. Duk jajibirin kasuwa yakan shafe su da man gyaɗa don kada gara ta ci. Idan kuwa labari ya zo cewa mai sanda ya rasu, sai ya ɗauke ta daga cikin na tsaye, ya kwantar da ita a gindin bango, kanta na kallon gabas, har ranar da magaji zai zo ya karɓa. Muna yara mun san wannan sarai. Da mun ga sanda a kwance mukan rage hayaniya.

A cikin sandunan akwai wata baƙa mai zoben jan ƙarfe a wuya. Ta amininsa ce, wani dogon mutum daga wajen Magarya da muke kira Baba na Faransa, don tsofaffinmu har gobe Faransa suke ce wa wancan ɓangaren. Shi shiru-shiru ne, Baffa kuwa baki kamar rediyo, amma a akushi ɗaya suke cin tuwo. Shi ya yanka ragon sunan 'yar Baffa ta fari, wadda nake kira Yaya. Wata shekara da aka yi fari ya cinye masa shanu, wata huɗu ya yi a ɗakin nan bai sayar da ko akuya ba, Baffa bai taɓa nuna masa a fuska ba. Na taɓa jin suna musu a kan wace ƙasa ta fi lalacewa, kowa na kare tasa da rantsuwa, har Inna ta aiko da fura suka manta inda suka tsaya. Da girma ya kama shi sai ciwon sukari ya same shi, kuma a wajenmu yake sayen magani duk zuwa.

Zuwansa na ƙarshe, ya jingine sandar ya ce wa Baffa, "Sai kasuwa mai zuwa, in Allah ya kai mu." Kafin kasuwar ta zagayo sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu, ƙasashen yankinmu suka yi fushi, aka rufe iyaka.

Mu da ke bakin iyaka mun saba da rufewa da buɗewa, don haka da farko dariya aka yi. Amma wannan karon abin ya zauna. Kara ta koma fili, dillalai na zaune a inuwa suna korar ƙuda. Masu tuwo-tuwo suka daina ɗora manyan tukwane. Samarin da ke lodin dabbobi suka watse, wasu Kano, wasu Legas, wasu suka koma bin hanyar daji da babur suna wasan ɓuya da jami'ai. An ɗaga bikin wata 'yar maƙwabtanmu sau biyu saboda dangin ango na can ɓangaren. Ni kuwa a Kazaure ina tsaye gaban allo ina koya wa yara amfanin ƙungiyar ƙasashen yankin: shige da fice ba shamaki, ciniki ba tsangwama. Haka yake a littafi, haka za a tambaye su a jarrabawa, haka na koyar, ina jin kunyar kaina.

Baffa bai canza komai ba. Jajibirin kasuwa zai share ɗakin da kansa, ya cika randa, ya shafe sanduna, ya sa Inna ta ƙara awo. Washegari ya fito da kujerarsa ya zauna yana kallon hanyar arewa har la'asar. Tuwon da ya ragu a rabar a unguwa. Abu ɗaya ya roƙe ni: duk wata in sayo maganin Baba na Faransa a Kazaure in kawo, shi zai ba masu babur su kai ta daji, don an ce magani ya yi wuya a can. Na riƙa kawowa.

Ranar da rediyo ta faɗi cewa Nijar da wasu ƙasashe biyu sun ce sun fice daga ƙungiyar gaba ɗaya, ina gidan. Na ga yadda rigar Baffa ta fara yi masa yawa, na ga Inna na auna hatsi tana tsimi. Sai na kawo shawarar da nake ganin ta masu hankali ce: a gyara ɗakin baƙi a mai da shi shago, tunda yana bakin titi, a ba wani haya.

"Masu sandunan ka tambaye su?" in ji Baffa.

"Baffa, don Allah a duba lamarin nan. Ba za su zo ba. Ba ka ji ba ne? Ƙasarsu ta fita."

"Ta fita ta tafi ina? Shekaranjiya na je gona na hango ta, tana nan inda na bar ta."

Da na yi dariya da an wuce wurin. Amma ni mai ilimi, sai na hau bayani: yarjejeniya, haraji, takardun tafiya da za a canza, yadda ciniki zai juya wata hanya ya bar mu. Na ƙare da maganar da har yau take ci mini rai. Na ce zamanin fatoma ya wuce, ya daina wahalar da tsohuwa a kan tuwon da ba mai ci.

Ya daɗe yana kallona. "Malam Mai Alli," ya ce, "a tuwon baƙin nan ka girma. Tunda ɗakin ya tsone maka ido, kada ƙafarka ta ƙara taka shi."

Ban ƙara takawa ba. Na gaji kafiyarsa, ban gaji alherinsa ba.

Bayan 'yan makonni, ina ɗakin malamai, saƙon murya ya shigo wayata daga wata lambar Nijar. Babban ɗan Baba na Faransa ne. Ya ce tsoho ya cika da asuba, an riga an kai shi, a gaya wa Baffa, a ce ya yafe masa. Na saurara sau uku. Sannan na kira Yaya a gidan aurenta a Roni.

"Kada ka faɗa masa," ta ce tana kuka. "Ka san halinsa. Yau ɗin nan zai hau babur ya bi daji, ga hawan jini, ga sojoji a hanya. So kake mu yi rashi biyu?"

Gaskiya ta faɗa, iyaka na rufe, kuma Baffa zai tafi ko da rarrafe. Na amince mu bari sai an buɗe. Amma akwai dalili na biyu da ban gaya wa Yaya ba. Ni ne na ce masa ba za su zo ba. Ban san da bakin da zan koma in ce masa wanda ya fi so a cikinsu ba zai zo ba har abada, ba tare da ya ji kamar na zo karɓar gaskiyata ba ne.

Wata ya ƙare, na tsaya a kantin magani kamar kullum. Idan ban kai ba zai tambaya. Na saya, na kai. Ya karɓa, ya juya kwalin a hannunsa.

"Kana jin labarin mutumin nawa kuwa? Ku ne masu waya."

"Yana nan lafiya, Baffa. Jikin da sauƙi."

"To, madalla," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Haka muka yi wata da watanni. Aka buɗe iyaka daga ɓangarenmu, muka ce to, an gama. Ashe ba a gama ba. Hanya ta buɗe amma zuciya ba ta buɗe ba. Shingaye suka ƙaru, kowane da tambayarsa, yau a ce wannan takarda, gobe a ce waccan. A can ɓangaren aka hana fitar da hatsi, daga baya aka ce dabbobi ma. Wanda ya saba koro garke da rana tsaka ya koma lallaɓowa da awaki uku ta bayan gari, ya sayar a tsaye ya juya, ba ya son a san gidan da ya sauka. A wajen mai shayi abokai suka rabu biyu, masu yabon sojojin can da masu zaginsu, har aka fara kallon wanda ya cika zuwa ƙetare da wani ido. Ɗakin Baffa bai ƙara ganin baƙon kwana ba.

Lokacin da na yi wa Yaya alkawari ya zo ya wuce, ban faɗa ba. Ƙarya idan ta kwana biyu sai ta yi nauyi, kullum na ɗaga sai in ji ta fi jiya. Sau biyu Baffa ya ce in nemo mota in kai shi Magarya, sau biyu na ce ba mu san irin takardar da za su nema ba yanzu, a bari abubuwa su daidaita. Bai matsa ba, abin da ba halinsa ba. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina zuwa kara, ya rage faɗa. Idan na zo ranar kasuwa nakan tarar da shi a kujerar nan shi kaɗai, tabarma shimfiɗe a gefensa ba kowa a kai. Yakan nuna mini ita ya ce, "Zauna mana." Ni kuwa sai in gaishe shi a tsaye, in miƙa magani, in ce ina da aikin yara da zan duba. Tsoron tambayarsa nake yi. Ya rasu da hantsi ranar wata Talata, Inna na dama masa kunu.

Bayan addu'ar bakwai, da jama'a suka watse, Inna ta kira ni. Tana cikin takaba, ta rame, muryarta ta dushe.

"Ɗan nan, gobe kasuwa. Je ka share ɗakin."

"Inna, ya hana ni shiga."

"Wanda ya hana ka ya tafi. Ni na sa ka."

Na ɗauki tsintsiya na tura ƙofar. Ƙanshin man gyaɗa ya tare ni. Randa na nan da sauran ruwa, butoci a jere. A kusurwa sanduna goma sha ɗaya na tsaye suna ƙyalli. Na duba baƙar nan mai zoben jan ƙarfe ban gan ta a cikinsu ba. Sai da na sunkuya zan fara shara na gan ta a gindin bango, a kwance, kanta na kallon gabas. Ƙasan da ke ƙarƙashinta ya yi zane, alamar ta daɗe a wurin.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Inna na tsaye a bakin ƙofa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun satin da abin ya faru. Wani mai awaki ya biyo ta daji, ya tsaya shan ruwa, ya faɗa masa. Ya so ya tafi, ƙafa ta ƙi, ko babur bai iya hawa ba ranar. Ya shigo nan ya kwantar da ita, ya fito bai ce mini komai ba. Da na kawo ruwan randa na gani, na ce Allah ya jiƙansa, ya ce amin. Shi ke nan gaisuwar da ya samu, tawa."

"Maganin fa, Inna? Duk wata ina kawowa."

"Ladanin masallacinmu yake ba. Shi ma ciwon ke gare shi. Ya ce kada in gaya maka, ladanka na tafiya inda ya kamata."

"To me ya sa bai ce ya sani ba? Me ya sa yake tambayata?"

Inna ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na tambaye shi. Ya ce, yaron nan tausayina yake ji, kada in kunyata shi, zai faɗa da bakinsa in ya shirya. Kai kana ganin tabarmar da yake shimfiɗawa ta baƙi ce? Baƙi ɗakinsu na ciki. Mutum ya rasa aminin shekara hamsin, ba wanda ya zo ya zauna masa. Na can hanya ta hana su, na nan duk kun haɗa baki wai bai sani ba. Jira yake ɗansa ya zauna ya ce masa, Baffa, ya haƙuri."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi a maƙabarta ba. Ina koya wa yara abin da ake asara idan ƙasa ta raba gari da maƙwabtanta: ciniki, aiki, kuɗin shiga. Ban taɓa rubuta a allo cewa tsoho zai yi zaman makoki shi kaɗai a bakin titi, fiye da shekara, ba wanda ya ce masa sannu. Manya a manyan birane suka rufe hanya, suka fita daga ƙungiya, wannan nasu ne, su da Allah. Amma taku uku ne tsakanina da tabarmar nan, kuma babu shinge ko ɗaya a wurin.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haɗa shi da amininsa a inda ba a tambayar takarda. Allah ya ba Inna haƙurin zama a gidan da ya yi mata faɗi. Wanda duk ya taɓa cin tuwon gidan nan, a kowane ɓangare yake, idan wannan rubutu ya iso gare shi, ina roƙon ya yi masa addu'a. Masu sanduna kuma su sani kayansu na nan, ɗakin ba a sa masa kwaɗo ba, ba kuma za a sa ba muddin ina numfashi. Na kira ɗan Baba na Faransa na gaya masa, ya ce zai zo ya karɓi ta mahaifinsa idan hanya ta yi kyau. Bai ce yaushe ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar, da na gama shara na cika randa, na shafe sanduna goma sha ɗayan da man gyaɗa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan na shiga cikin gida na ɗauko sandar Baffa daga bayan ƙofarsa, na kawo na kwantar da ita kusa da baƙar, kanta na kallon gabas. Washegari na fito da kujerarsa bakin titi, na shimfiɗa tabarmar a gefenta. A kan tabarmar na zauna, har aka kira la'asar.